Mai Guduma

Mai Guduma ake ce mata, kuma ba ta ci sunan a banza ba. Injiniya ce, amma in ta shigo wurin gini magina kan sha jinin jikinsu. Bulo ɗaya za ta ɗauka ta maka da ƙasa, in ya watse, ranar kowa ya shiga uku.

Tana aji uku rufin makarantarsu ya rufta musu. Katako ya fasa mata goshi, ya kashe yarinyar da suke zama benci ɗaya. Tabon na nan har yau, zafin zuciyar ma haka.

Azuzuwan da take zanawa ba ruwansu da fanka. Bango mai kauri na bulon ƙasa, rufi a ɗage sama da bango don iska ta ratsa ta kwashe zafi. Sai dai irin wannan rufin, in ba a ɗaure shi da rodi har cikin tushe ba, guguwa ɗaya ta ishe shi.

Yayanta ne ya samu aikin ginin sabuwar makarantar unguwarsu. Kafin a ɗora rufi ta zo dubawa. Ta ƙwanƙwasa wani ginshiƙi, sautin bai yi mata ba, sai ta ɗaga guduma.

"Ke, kada ki kuskura!" ya daka mata tsawa. "Ni na goya ki, yau ni za ki tozarta a gaban leburori?"

"Yaya, rodi nawa ka sa?"

"Daidai wanda ya ishe shi."

Ta narka wa ginshiƙin guduma. Kankare ya tarwatse, sai ga rodi biyu sirara maimakon huɗu, su ma ba su kai ƙasa ba. Yayan ya shaƙe ta, ya buga kanta da bango. Ta gantsara masa cizo. Ya wawuri shebur ya sauke mata a hannun dama, har leburori suka ji ƙarar ƙashin.

Ta ji zafi ƙwarai, amma baƙin ciki ya fi zafin yawa. Ta miƙe, tsohon tabon ya fashe, jini na bin fuskarta. Ta ɗauki gudumar da hagu, ta nufi ginshiƙi na biyu.

"Kashe ni kike son yi?" ya ce.

"'Yarka aji uku za ta shiga bana, Yaya. Nan ne ajin."

Ya daɗe yana kallon goshinta. Sannan ya yar da shebur ɗin, ya karɓe gudumar daga hannunta.

"Matsa," ya ce, ya nufi ginshiƙin da kansa.