Tukunyar Kiɗan Mama

Mahaifiyata maginiyar tukwane ce. A shekarun casa'in muna zaune a Potiskum, bayan unguwar Bolewa, a gidan da rabin tsakar gidansa yumɓu ya cinye. Randa take ginawa, da tulu, da tukunyar miya, da kaskon turare. Matan Fulani da suka zauna a gari su ne masu sayen randa, matan Kanawa 'yan kasuwa kuma kasko suke so. Kowa ya san mu Kirista ne, kuma ban taɓa ganin wannan ya hana wani shan ruwan randarta ba.

Tukunya ɗaya ce ba ta sayarwa. Duk shekara bayan girbi takan gina wa zumuntar matan cocinmu tukunyar kiɗa, wadda ake bugun bakinta da guntun soson katifa, ta ba da amo mai zurfi a ƙarƙashin waƙa. Ni ce mai buga ta, tun kafin in yi aure har bayan na haihu.

Mama ba ta iya karatu ba, muryarta kuwa, Allah na tuba, in ta ɗaga waƙa sai na kusa da ita su ɓata. Ta san haka, har takan yi wa kanta dariya. Cewa take Ubangiji bai ba ta murya ba, hannu ya ba ta, don haka da hannun za ta yabe shi. Yumɓun wannan tukunya sai ta tankaɗe shi lukui, ta yi addu'a kafin ta taɓa shi. Jikin tukunyar ba kauri, wuyanta a tsuke, kuma ba ta yi mata ado ko kaɗan. In an gasa, sai ta buga ta kasa kunne. Wadda ba ta yi mata ba takan koma tukunyar ruwa.

Wata damina zazzaɓi ya kwantar da ita. Ta tashi, amma jinta bai tashi tare da ita ba, sai an yi ihu take tsintar magana. Ba ta daina aiki ba. Bayan girbi ta gina tukunyar coci kamar kullum, ta ɗora a kai ta kai da kanta.

Ranar koyon waƙa na buga, sai na ji kamar ina dukan buhun gero. Matan suka kalli juna. Mama tana zaune tana murmushi, tana jiran a yaba, aka kuwa yaba. Bayan ta tafi uwar zumunta ta ja ni gefe ta ce sun riga sun sa mai walda ya yi musu ta ƙarfe. Ranar Kirsimeti za a ajiye ta Mama a gaba don ta gani, ni kuma in zauna a baya in buga ta ƙarfen.

"Ai ba ta ji, 'yata," in ji ta. "Me za a ɓata mata rai a kai?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni dai ba a san ni da haɗiye magana ba. Na ce matar da ta yi shekaru tana kawo wa Allah abin da ya fi kyau a hannunta, ba za a mai da ita yarinyar da ake ruɗi da alewa a cikin ɗakin sujada ba. Na wuce gida kai tsaye. Wahalar ita ce ba a yi wa Mama raɗa. Sai da na ɗaga murya har maƙwabciyarmu, wata Bafulatana mai sayar da nono, ta leƙo ta katanga.

"Mama, tukunyar ba ta da murya!"

Ta dube ni. Na ɗauka za ta yi kuka, ko ta zage ni. Sai ta ce in je in ɗauko sabuwar, in haɗo da ta bara wadda bakinta ya ɓalle. Na kawo. Ta zauna a ƙasa, ta ɗora tafin hannuwanta a jikin ta bara, ta ce in buga. Na buga. Ta koma kan sabuwar, na sake bugawa.

"Gaskiyarki," ta ce. "Wannan a mace take."

Ta ɗauki taɓarya ta fasa ta, ta daka tsingaron ta zuba a sabon yumɓu. Maƙwabciyar nan, da ta riga ta ji komai, ta aiko da busasshen kashin shanu na gasa tukwane ba tare da an roƙe ta ba. Mama ta gina wasu, aka gasa, muka zauna ina bugawa tana ji da hannu. Ta zaɓi ɗaya, sauran suka tafi kasuwa.

Ba zan ce tukunyar ta kai na da ba, don ba ta kai ba. Amma tana da murya. Ta ƙarfen ma ba a mayar ba, tunda an riga an saya, wata yarinya ce ta buga ta daga baya.

Ranar Kirsimeti Mama ta bar wurin zamanta ta zo ta zauna kusa da ni, ta ɗora hannunta a jikin tukunyar. Da aka fara waƙa na ga kanta yana kaɗawa daidai da kiɗan, abin da ban gani ba tun kafin zazzaɓin. Daga ranar nan wurin ya zama nata, har ƙarfinta ya ƙare.

Duk mai buga tukunya ya san in aka ɗora mata hannu amonta yana raguwa. Uwar zumunta ta sani, ni ma na sani, ina ji a kowane bugu. Ni da ba na iya ɓoye magana, wannan ban taɓa faɗa mata ba.