Allunana a Ƙasan Binuwai

Yayan matata ne ya sa aka goge mini kwamfuta, ya kuma zubar da allunana a kogin Binuwai. Ba ɓarawo ba, ba soja ba. Mutumin da nake rusuna wa ina ce masa Hamma.

Da muka gudo daga Mubi, shi ya ba mu ɗaki a gidansa na Jambutu. Ni gyaran rediyo da inbata na iya, boko kuwa tun aji uku na sakandare muka raba gari. Famfon sola na unguwar kullum cikin ƙonewa yake, don ko ruwa ya ƙare a rijiyar ba ya daina ja. Sai na sayo ƙananan allunan lantarki masu ƙwaƙwalwa, irin waɗanda ake rubuta wa umarni: in ruwa ya yi ƙasa, kashe inji.

To amma allo ba ya jin maganarka sai ka girka wa kwamfuta manhajarsa. Nan na ga ta kaina. Ka sauke rabi, sabis ya ɗauke. Ka gama, ta ce ba ta ga kebul ba. Sabuwar manhaja ma ba ta san irin allona ba, sai da wani malami ɗan Borno ya kwafa mini tsohuwar a filash kafin ya bar gari. Damina guda ina fama da Turanci da ƙamus. Ranar da 'yar fitilar allon ta ƙyafta bisa umarnina, matata har guɗa ta yi.

Guɗar ce ta jawo Hamma. Ya leƙo, ya ga wayoyi da batir da fitila tana ƙyaftawa, lokacin kuwa ana binciken gida-gida ana neman masu haɗa bam. Bai ce mini uffan ba. Ina masallacin Juma'a ya kai kwamfutar shago aka wanke ta tas, alluna da filash ya wurga su daga kan gada. Har yau matan unguwar wajen 'yan garuwa suke sayen ruwa.

Da na dawo na tarar da shi a zaure yana shan shayi.

"Ceton mu na yi," in ji shi. "Kai baƙo ne, ba ka san garin nan ba."

Na ce, "Hamma, waɗanda suka ƙona mini shago a Mubi ba su taɓa cin tuwo da ni ba. Kai kwano ɗaya muke sa hannu, amma ka dube ni ka ga ɗan bam. Baki gare ka, da ka tambaya! Ga makullin ɗakinka. In famfo ya sake ƙonewa, ɗauki jarka ka nufi Binuwai, maganin yana can inda ka jefa shi."