Tatsuniyar da Sitti Ta Ƙi Rufewa

A saman benenmu na Sharafiyya kakata take hura gawayi bayan sallar isha'i, ta ɗora shayi, mu kewaye ta. Sitti muke kiranta kamar sauran yaran Jidda, ita kuwa ta ce mini angonta, rago mai tsoron kyankyaso. Dokokinta biyu ne: ba a tatsuniya da rana, don mai yi ɓata yake yi, kuma wadda aka buɗe sai an rufe ta da ƙurunƙus, in ba haka ba mutanen cikinta su bi ka har shimfiɗa.

Sai kawuna, direba a unguwar Abhur, ya zo mana da tsohon kaset ɗin bidiyo da masu gidansa suka yar. Zanen Japanawa ne na da can, an juya shi Larabci, launinsa duk ya koɗe. Macijin teku ya ɗauke wani yaro zuwa fadarsa a ƙarƙashin ruwa, yayarsa ta tsaya a gaɓa riƙe da fitila. Tana ɗaga fitilar ke nan hoton ya yanke, wasan ƙwallo ya fito. Wani ya naɗa a kai.

Da la'asar muka kalla. Ashe Sitti na tsaye a bakin ƙofa.

"Tatsuniya da rana tsaka, kuma a bar ta baki buɗe? Su waɗannan mutane ba su da kakanni ne? Yalla, ku kashe."

Daren nan ba mu roƙe ta ba, ita ta fara. Ta ce ga ta nan, muka ce ta zo mu ji ta, sai ta ɗauko daga inda kaset ya yanke. Ta raɗa wa yaron suna Ɗanlami. Ta ce macijin bai cuce shi ba, yana ba shi tuwo da miyar kuka, sai dai duk sanda yaron ya taso sama ya hango fitila, igiyar ruwa ta mayar da shi. Muryarta ta yi ƙasa har sai da muka matso. Daga nan sai ta shiga tona toka.

"Sitti, ba ki ce ƙurunƙus ba," in ji ni.

"Halas, shi ke nan, ango, je ka kwanta."

Na kwanta, amma tsoro ya hana ni barci. Iska na kaɗa ƙofar bene, ni kuwa ji nake yaro ne jiƙe sharkaf yake neman hanya. Shekara da shekaru tana maimaita labarin, wani dare Ɗanlami ya yi aure a can, wani dare ya yi furfura, amma ko sau ɗaya ba ta rufe ba.

Bayan rasuwarta mahaifiyata ta gaya mini. Da ƙafa su Sitti suka taho hajji tana yarinya. A gaɓar Sudan aka raba ayarin jirgi biyu, ƙanenta Ɗanlami ya shiga na baya. Na bayan bai iso ba. Nan na gane cewa rufe tatsuniyar, a wurinta, binne shi ne.

Kwanan baya 'yata ta tono fim ɗin a waya, cikakke. Muka kalla tare har yayar yaron ta ɗaga fitila, sai na kife wayar.

"Baba, ya dawo walla la'? Ya dawo ko bai dawo ba?"

Na ce ta bari rana ta faɗi, mu hau sama in gaya mata. Har yanzu ni ma ban rufe ba.