Rabon Wuta a Barking

Ina wutar nan take zuwa idan Malam ya kashe ta? Na tambayi ɗiyata, wadda likita ce, ta ce ba ta zuwa ko'ina, tsayawa kawai take yi. Na tambayi limamin masallacinmu, ya ce in yi wa mamaci addu'a, in bar sauran ga Allah. Addu'a kam ina yi. Amma ga shi har na fita takaba, tambayar tana zaune a ƙirjina. Shi ya sa na roƙi maƙwabciyarmu, mai aikin rediyo, ta zauna ta rubuta abin da zan faɗa, domin ni ban yi boko ba. Idan kuka ya ci ƙarfina takan ajiye biro ta jira ni.

Malam mijina ne, kuma tun da aka kai ni gidansa aikin wuta na same shi yana yi. Da hawan falwaya ya fara. Yana aiki yana ƙaro karatu, har ya zama shi ne mai tsara rabon wuta a yankinmu. A can gida wuta ba ta isar kowa a lokaci ɗaya, sai a yi karɓa-karɓa. Wannan unguwa ta samu da safe, waccan da yamma, ƙauyukan da ke ƙarshen layi kuma su sami abin da ya rage, in ya rage.

Mutanen ƙarshen layin nan su suka tsayar da shi takarar majalisar jiha. Suka zo a bayan akori-kura, suka cika mana zaure da ƙofar gida, na yi tuwo a tukunyar biki. Ranar zaɓe na je na dangwala masa yatsa, kuma ya ci. Da ya shiga majalisa sai ya dage cewa unguwannin manya ma su shiga karɓa-karɓa kamar kowa, har da tamu. Aka yi hakan. Daga nan na fara shan baƙar magana a gidajen biki.

"Hajiya, ara mana ashana mana," in ji wata maƙwabciyata, "ke da kika auri wutar ɗungurungum."

"Ai shi ya sa muke dafuwa da rana," na ce mata. Aka yi dariya, amma ranar zaɓe ba su yi dariya ba. 'Yan adawa suka riƙa kiransa mai duhu a lasifika, ya faɗi. Ya sake tsayawa a zagaye na gaba ya ci da ƙyar. Ya nemi kujerar tarayya, aka kayar da shi tun a zaɓen fid da gwani. Ya dawo gida ranar ya ci abincinsa har ya nemi ƙari. Daga baya gwamnan lokacin ya naɗa shi shugaban hukumar da ke sa ido kan masu raba wuta a jihar, wadda take tsayawa tsakanin kamfani da jama'a.

A wannan kujerar ya fi jin daɗi, saboda zaman sauraren koke. Ba a ofis kaɗai ba, har gida mutane suke biyo shi, ni kuma ina jin komai ta tagar zaure. Yana da yadda yake yi, ba ya canzawa. Mai koke zai yi sallama, ya faɗi garin da ya fito, ya zauna. Malam sai ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya saurara bai katse ba, ko da mutum zai kai shi tun zamanin kakansa. In an gama sai ya ce, "Abin da na ji shi ne," ya maimaita koken daki-daki. Sannan ya mayar da hula, ya yanke hukunci. Hula na komawa kai, magana ta ƙare. Yakan ce wa yaranmu, duk wanda ya ga wutarsa ba ta ɗaukewa, to rabon wani yake ci.

Ciwon mantuwa shi ya raba shi da aikin. Da abin ya yi nisa, ɗiyarmu ta fari ta ɗauko mu zuwa London, gidanta a Barking, cikin jerin gidajen nan masu manne da juna, jirgin ƙasa yana wucewa ta bayansu. Ita tana aiki a babban asibitin Camberwell, mijinta ma yana fita, yara suna makaranta. Da rana daga ni sai Malam.

Watannin farko lafiya lau. Sai dai yakan tsaya a taga ya daɗe yana kallon fitilun titi. Wata rana ya tambaye ni, "Hajiya, yaushe ake ɗauke wutar mutanen nan?"

"Ba a ɗaukewa a nan, Malam."

"Ko sau ɗaya?"

"Tun da muka zo dai ban gani ba."

Ya girgiza kai, kamar wanda aka ba shi labarin sata.

Da sanyi ya shigo, rana ta fara faɗuwa tun la'asar. Wata la'asar ina kicin ina soya albasa sai komai ya mutu. Firij ya daina ƙara, hita mai ɗumama gida ta yi shiru, ba abin da nake ji sai jirgin ƙasa can baya. Na lalubo hanya na fito, na tarar da shi a durƙushe a ƙarƙashin matakala, inda akwatin wutar gidan yake. Mutumin da ya manta yadda ake ɗaura mazagin wando, ga shi ya buɗe akwati ya san kowane makunni da ɗakin da yake ci. Ya rufe, ya kakkaɓe hannu, ya wuce falo. Ya jawo kujerun cin abinci ya jera su suna fuskantar tasa. Ya zauna, ya cire hula, ya ɗora a gwiwa.

Na tsaya a bakin ƙofa. Ɗan hasken da ya rage yana shigowa ta labule. Yana kallon kujerar farko, yana gyaɗa kai, kamar yadda yake yi wa mai dogon bayani. Can sai ya ce, "Abin da na ji shi ne, taransifomarku ta ƙone tun kafin azumi, injin niƙa ya tsaya, mata suna tafiya garin gaba da hatsi a ka." Ya mayar da hula. "An ba ku daga yanzu zuwa magariba." Ya juya ga kujera ta biyu, ya sake cire hula.

Ban kunna ba. Ban ma san wanda ake dannawa ba. Da aka yi magariba shi da kansa ya tashi ya mayar da wutar, ya ce in kawo masa ruwan alwala.

Haka ya ci gaba, ba kullum ba, amma sau da yawa. Wata rana kicin da falo zai kashe, wata rana ɗakunan sama. Na ɓoye wa ɗiyata. Da ma ni na saba da duhu, sai in ja mayafi in zauna a matakala ina jan carbi har ya gama. Abin da yake hana ni sakewa shi ne yadda yake amsa sallama. Yakan ɗaga kai ya dubi ƙofar falo, ya ce wa alaikumus salam, idonsa ya raka wani daga ƙofa har kujera. Wani lokaci yakan yi murmushi ya ce, "Kai ma ka zo? Ai na ɗauka ka rasu."

Ina da ƙanwa da ke aure a wani ƙauye na ƙarshen layi. Wata la'asar, muna cikin duhun nan, wayata ta yi ƙara a cinyata. Ita ce.

"Yaya, kin ji ihun yara? Yanzun nan aka kawo mana wuta. Rabonmu da ita har mun manta. Bari in sa wayata a caji kafin su farga."

Ina jin ihun yaran ta cikin waya, ina kallon Malam a falo yana mayar da hularsa. Bai ji abin da ta ce ba, don ba ya ji sosai. Na tambaye ta da daɗewa aka kawo? Ta ce ko tukunya ba ta tafasa ba. Washegari na kira ta, ta ce da magariba aka ɗauke. Na san magaribarsu ba tamu ba ce. Na san kuma wuta a can tana zuwa tana tafiya ba tare da dalili ba. Duk na faɗa wa kaina wannan. Amma ban sake iya cewa Malam ya bari ba.

Asirin ya tonu ranar da ɗiyata ta dawo da wuri. Ta tarar da gida kamar cikin randa, maganinsa na allura da ke firij ya fara ɗumi, ni kuma ina zaune da kumburarren hannu, don na zame a matakala cikin duhu. Ta taɓa yatsun ubanta ta ji su kamar ƙanƙara. Mijinta ya sa wa wurin akwatin kwaɗo. Kwana kaɗan Malam ya kwance ƙusoshin marfin da cokalin shayi.

Sai wata Baturiya mai jaka ta zo daga council, wato ƙaramar hukumar yankin, ta duba gida, ta yi masa tambayoyi da Turanci, ta rubuta. Bayan ta tafi ɗiyata ta zaunar da ni a kicin.

"Umma, sun ce ba lafiya a bar shi haka. Akwai care home, gidan kula da tsofaffi, a nan kusa, suna da wuri."

"Zan kwana a can?"

"Ba a kwana, Umma. Ziyara ake zuwa."

"To wa zai juya shi ya fuskanci alƙibla in lokaci ya yi? Wa zai laƙƙana masa kalmar shahada? Baturiyar nan mai jaka?"

Ta sa kuka, ni ma na sa. Ta ce, "Ni ma ubana ne. Amma in sanyi ya kashe shi a gidana fa? In ke kika faɗo kika karya ƙugu?" A ƙarshe ta ce ta ba ni dama ɗaya. In ya sake taɓa akwatin, ba ta da yadda za ta yi.

Na yi ta tunanin yadda zan gaya masa. A lokacin ya daina gane ni sai jefi-jefi, yakan kira ni baiwar Allah. In na yi masa magana a matsayin matarsa, kallona kawai yake yi. Amma na lura masu zama a kujerun nan yana jin su sarai.

Washegari da la'asar, da na ga ya fara jera kujeru, tun bai nufi matakala ba, na haura sama na sa zanen fita da babban mayafi. Na sauko na tsaya a ƙofar falo na yi sallama. Ya amsa, idonsa ya raka ni. Na nufi kujerar farko, sai ya ɗaga hannu.

"Da mutum a nan. Zauna a waccan."

Na koma ta ƙarshe. Ban yarda na dubi sauran kujerun ba.

"Daga ina, baiwar Allah?"

"Daga nan cikin gida, ranka ya daɗe."

Ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Na ce masa ni tsohuwa ce, ina da miji mara lafiya, tun ina yarinya nake tare da shi. Na ce idan aka sake ɗauke wutar gidan nan, hukuma za ta ɗauke shi ta kai shi inda ba zan kwana kusa da shi ba, ya cika a hannun baƙi. Na ce ban taɓa kawo koke ba, ko lokacin da aka sa unguwarmu a duhu mata suna yi mini ba'a. Wannan ne na farko. Ina roƙon a bar wa gidan nan wutarsa.

Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Abin da na ji shi ne," ya maimaita duk abin da na faɗa, bai bar ko ɗaya ba, har da ba'ar matan. Sannan ya daɗe yana duban kujerun nan ɗaya bayan ɗaya. Fitilar falo tana kunne a kanmu, firij yana ƙara a kicin. Na ga hawaye ya gangaro masa zuwa gemu. Ya ɗauki hula ya mayar.

Ya cika hukuncinsa. Bai sake zuwa ƙarƙashin matakala ba, bai sake jera kujera ba, ba a kuma kai shi ko'ina ba. Ya kai har ƙarshen sanyi a ɗakinmu, cikin ɗumi da haske. Amma daga ranar nan bai sake buɗe baki ya yi magana ba, da ni ko da wani. Ranar da ya cika da hantsi, ni na juya shi, ni na yi ta faɗa masa kalmar shahada a kunne. Ya ɗaga yatsa, amma ban ji muryarsa ba. Na samu abin da na roƙa, kuma ban san abin da na karɓe masa ba. Abin da ya faɗa mini a falon nan, bayan hula ta koma kansa, shi ne:

"An ba ki, baiwar Allah. Ki riƙe mijinki. Amma waɗannan sun riga ki zuwa, kuma daga nesa suke. Ni ba ni da bakin sallamar su, sai ki yi musu bayani da kanki."