Ruwan Jego a Kan Kurfoti

Daminar da ruwa ya kayar mana da bangon gida a Roni, mun koma tudu gindin duwatsu, mu da maƙwabta, kowa ya kafa rumfar tampol. Ƙanwata ta zo goyon ciki wajen Inna, ta haihu, ko suna ba a yi ba. Haihuwar fari ce, ga ta da tsoro tun tana ƙarama.

A wajenmu mai jego ba ta tsallake wanka. Safe da yamma ake tafasa ruwa a ƙatuwar tukunya, a tsoma ganyen runhu a riƙa fyaɗa mata, don kada sanyi ya shige ta. To tukunyar tana ƙarƙashin bangon da ya faɗi, itacen da Inna ta tara tun rani kuwa ya jiƙe sharkaf, in an hura sai hayaƙi da hawaye. Ranar farko ta wuce babu wanka. Washegari na tarar da ƙanwata a ƙudundune cikin zani, jaririn na kuka ta kasa ɗaukarsa.

"Yaya, sanyi ya shige ni ko?" ta tambaye ni.

Inna ta ce, "Sai haƙuri."

Ni kuwa ranar ba ni da haƙuri ko na sisi. Na ɗauko ɗan kurfotina da na zo da shi daga Kazaure, wanda nake dafa shayi a kai, da gawayina a ƙulle cikin leda bai jiƙe ba. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta yi dariya.

"Da wannan za ki yi wa mai jego wanka? Ko jaririn ba zai isa ba."

Na juya bakin kurfotin wajen iska, na kare shi da duwatsu, na ɗora buta ina fifita da murfin kwano. Ruwan ya tafasa na juye a baho. Kafin buta ta biyu ta tafasa, na farkon ya huce kamar ruwan randa. Na sake, haka dai. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na ji kamar in yi ƙwallo da kurfotin.

Ina nan zaune sai na hango wani dattijo yana tsiyaya shayi daga fulas, tururi na tashi, shayin da aka dafa tun asuba. Na miƙe na bi rumfunan ɗaya bayan ɗaya ina neman aron fulas. Ashe matan garinmu sun bar katifa da buhun gero a ruwa, amma kowacce ta rungumo fulas ɗin aurenta. Wata amarya ta ce nata ba a taɓa zuba masa komai ba, na ado ne. Na tsaya mata a ƙofar rumfa har ta gaji ta miƙo.

Na jera su a gabana. In buta ta tafasa in ɗura a fulas in toshe, in ɗora wata. Gawayi ya fara ƙarewa, na koma tsintar jiƙaƙƙun ƙirare ina jera su a jikin kurfotin su bushe kafin in cusa. Yatsuna suka yi bororo, idona ya yi jajur. Maƙwabciyar nan mai dariya ta zo ta karɓi murfin kwanon ta ci gaba da fifita, ba ta dube ni ba.

Bayan la'asar muka kare bayan rumfa da zannuwa, muka buɗe fulas ɗin gaba ɗaya muka juye a baho. Tururi ya turnuƙe wurin. Inna ta tsoma ganye ta fyaɗa wa ƙanwata a baya, sai yarinyar ta gantsare.

"Inna, ya yi zafi da yawa, a sirka mini."

"Ba za a sirka ba," in ji Inna, ta sake fyaɗa mata.

Na fita na zauna kusa da kurfotin, hawaye na zubo mini don daɗi, ina jin ta tana ta magiya a sirka. Da aka gama ta fito gumi na tsattsafo mata a goshi, ta ce in miƙo mata ɗanta.