Kayan Amana a Shagon Mai Rediyo

Mijin yayata yana gyaran rediyo tun ban iya ɗaura wando ba. Mai Rediyo kowa ke ce masa, har yau da ba a cika kawo rediyon ba. Da talabijin ta shigo ya koyi gyaranta, da wayar hannu ta zo ya sayi tabarau ya koyi ita ma. Ba ya cuta, ba ya ƙarya. Aibinsa ɗaya ne: ba ya zubar da abin da ba nasa ba.

Mutum zai kawo abu, Mai Rediyo ya duba ya ce ya mutu, mai shi ya ce zai dawo ya ɗauka. Ba ya dawowa. Shi kuwa sai ya yanki farin salatif ya liƙa, ya rubuta "na direban asibiti" ko "na matar mai shayi", ya ɗora kayan a kan kanta. Shekara talatin da huɗu yana haka. Kantocin sun kai rufi, kwalaye sun cinye ƙasa, hanya ta rage ta mutum ɗaya, shi ma a kaikaice.

Ni aikina kwasar matattun kayan lantarki. Ina tura kura gida gida da ofis ofis, in kai wata ma'ajiya a bayan gari inda ake ware su. Ƙarfe gefe, roba gefe. Batir kuwa ana liƙe bakinsa, a binne shi cikin durom na yashi a inuwa. Ban koyi dalilin haka a takarda ba. A gabana wani abokin aikinmu ya soki kumburarren batir da filaya, batirin ya yi tsaki kamar maciji, wuta ta tashi. Har yau hannunsa ba ya dunƙulewa.

Shagon Mai Rediyo shi ne ɗakin gaba na gidansu, kuma ƙofar gidan ke nan, babu wata. Yaya shekara uku tana kwance, ɓarin jikinta ya shanye. Gadonta yana jingine da bangon da kantocin suke.

Wata rana da tsakar zafi na shiga gaishe ta, sai na ji wani wari mai zaƙi zaƙi, kamar na maganin goge farce. Na san warin. Na bi kantocin da ido. Wata ƙaramar kwamfuta ta buɗe baki da kanta, cikinta ya turo murfin. Wayoyi bakwai sun ɗaga baya. Akwai kwali guda na batura zalla, wasu sun yi tumbi kamar matashin kai.

Na ce, "Malam, waɗannan yau zan tafi da su."

Bai ɗago daga fankar da yake kwancewa ba. "Ɗan bola, ka fara yunwar ƙarfe ke nan har a gidan surukai?"

"Wuta ce ka tara."

"Amana na tara. Ba nawa ba ne da zan ba ka. In mai shi ya zo gobe in ce masa me? Ƙanin matata ya cinye?"

"Wanda ya yi shekara goma bai zo ba?"

"An taɓa zuwa bayan sha biyu. Na miƙa masa rediyonsa, ya yi kuka, ta mahaifinsa ce."

Daga ciki Yaya ta ce, "Auta, ka bar shi. Ni ma da ya samu salatif mai tsawo da ya liƙa mini suna ya ɗora a kanta."

Suka yi dariya su biyu. Ban yi ba. Na gaji da magana tun kafin in fara, don na san shi. Sai na shiga ciki, na ɗaga Yaya na sa ta a kujerarta mai taya, na ce za mu sha iska. Na turo ta har bakin shago. Tayar hagu ta ci karo da kwali, ta dama ta maƙale a ƙafar kanta. Na ja baya, na sake gwadawa. Ba ta wuce ba.

Na ce, "Malam, ka ɗauka ba na nan, hayaƙi ya cika ɗakin nan. Fitar da ita."

Ya dube ni, ya ajiye sukundireba. Ya zo ya sa hannu ƙarƙashin gwiwoyinta ya yunƙura. Shekararsa sittin da takwas. Ya ɗaga ta kamar taƙi ɗaya daga kujera, ya kasa, ya mayar da ita. Ya sake. A karo na uku Yaya ta ce, "Ya isa, Malam." Kwanon rufi yana ƙara saboda zafi.

Na zaci zai ce in kwashe. Bai ce ba. Washegari ya rufe shago, ya sa hula, ya fara bin gidajen masu kayan yana neman izini. Wasu sun manta ma sun taɓa mallakar abin. Wasu sun ƙaura. Wasu sun rasu, sai ya nemi 'ya'yansu. Duk wanda ya yafe, sai ya cire salatif ɗin ya miƙo mini kayan, in kai ma'ajiya. Mako biyar yana wannan yawo, zafi kullum ƙaruwa yake, ni kuwa ina ƙirga abin da ya rage.

Abu ɗaya na ci nasara a kai. Na kawo durom da yashi na ajiye a waje ƙarƙashin rumfa, ya yarda a cire baturan da ba a ga masu su ba a binne a ciki, kowanne da sunansa. Ya ce ajiya ce, ba zubarwa ba. Na ce ya kira ta duk abin da ya ga dama.

A mako na uku, bayan azahar, durom ɗin ya yi tsaki. Farin hayaƙi ya riƙa fitowa ta cikin yashi, mai kauri, maƙwabta suka ja da baya suna toshe hanci. Da ya huce na tono da shebur. Rabin salatif ɗin bai ƙone ba. Mai Rediyo ya gyara tabarau ya karanta: na malamin lissafi. Ya ce a hankali, "Wannan a kanta ta biyu yake." Kanta ta biyu ita ce daidai kan Yaya.

Yanzu shagon ya yi fili, kujera tana wucewa. Saura abu ɗaya. Wata siririyar kwamfuta ce da batirinta ke manne a ciki, in ka ce za ka ɓamɓare shi kana iya huda shi. Ta wani makaniki ce da ya yi tafiya shekara shida da suka wuce. Da zai tafi ya riƙe hannun Mai Rediyo ya ce hotunan marigayiyar 'yarsa na ciki, kada kwamfutar ta bar ɗakin nan sai ya dawo. Mai Rediyo ya amsa masa. Ba a san inda yake ba.

Na ce a sa ta a yashi a waje. Mai Rediyo ya ce ɗakin nan aka ce. Na kawo bokitin ƙarfe da yashi cikin ɗakin, ya yarda da wannan, ya ajiye bokitin nesa da bangon Yaya. Amma har yanzu tsakanin Yaya da ƙofa yake.

Ban sake roƙonsa ba. Ranar da ba ni da aiki na zo da guduma da kurfi, na fasa bangon baya ta ɗakin Yaya, na kafa ƙofa mai faɗin kujera da rabi, wadda ake buɗewa da turi. Ya tsaya yana kallo, daga baya ya tuɓe riga ya riƙa kwashe mini ɓaraguzai.

Kullum da safe yakan share yashin saman kwamfutar, ya zagaya ta da zare don auna kumburinta, ya ƙulla inda ta kai. Jiya ya nuna mini zaren. Ƙullin wannan makon ya wuce na wancan da faɗin farce.