Kan Kifin Tofazzal

Ƙanena Tofazzal bai taɓa cin wutsiyar kifi a gidanmu ba sai da ya shekara talatin da huɗu a duniya. Zan faɗi yadda aka yi ya ci, amma sai an fara sanin ko wane ne shi.

Mu uku mahaifiyarmu Gulbahar ta haifa a tsibirin Maheshkhali: ni Rahela, sai Morjina, sai shi auta, namiji tilo. Yana da wata bakwai jirgin babanmu ya fita teku bai dawo ba. Ammajan, wato Inna, kamar yadda muke kiranta, ta share hawaye ta kafa rumfar kwano a bakin tashar jiragen ruwa, tana dafa wa masunta da 'yan dako shinkafa da kifi. A rumfar nan muka girma, har yau kuma a nan nake, ina fere albasa a gefenta.

A wurinmu kan kifi na mai daraja ne: maigida, ko ango, ko baƙon da ake jin nauyinsa. Maigida dai babu, saboda haka tun Tofazzal bai iya cire ƙaya da kansa ba kai ke sauka a kwanonsa. Ammajan ta ce kan kifi yana buɗe ƙwaƙwalwa. Ni da Morjina kuwa, da wutsiya da romo muka tashi, ga shi kuwa ba mu mutu ba. Ƙwaƙwalwar tasa ta buɗe, ban musa ba. Abu na farko da ya gano da ita shi ne muna ƙarni.

Tun yana makarantar sakandare sabulu guda ba ya kai masa mako. Ya dirje wuya, ya dirje hammata, ya shinshina rigarsa, ya sake komawa rijiya. In ya gamu da mu a hanya ɗauke da kwandon busasshen kifi, sai takalminsa ya kwance, ya duƙa yana ɗaurawa har mu wuce. Ammajan dariya take yi, wai yaro ne mai tsabta.

Da ya gama karatu ya sami aiki a Dhaka, a ofishin wani kamfani mai fitar da tufafi waje. Ya koyi lanƙwasa harshe irin na 'yan birni, namu kuwa ya jefar da shi kamar tsohon silifa. Wani ɗan garinmu da ke gadi a ginin shi ya kawo mana labari cewa a can Tofazzal ɗan birnin Chittagong ne, marigayi ubansa kuma babban ma'aikacin kwastan. Babanmu da bai taɓa sa wando mai aljihu ba! Na gaya wa Ammajan, ta ce birni sai da dabara.

Sallar da ta wuce kafin wannan abu ya zo gida ya yi kwana biyu, kansa a sunkuye kan waya. Na leƙa. Wani wasa ne: zanen wata tsohuwa mai jan mayafi a rumfa bakin teku, kai kuma kana soya mata kifi da ɗan yatsa, in bai ƙone ba ta tafa maka ta ba ka taurari, ka wuce gari na gaba. A kwana biyun nan ya soya wa tsohuwar waya kifi ya fi dubu. Tasa uwar kuwa ko tulun ruwa bai ɗaga mata ba.

Wata safiya ina gyaran kifi ya kira ni. Hannuna duk jini, sai na danna wayar da gwiwar yatsa na bar muryar a waje.

"Apa, ki saurare ni da kyau, kada ki fara faɗa," in ji shi. Apa yake kirana, wato Yaya.

Wai su biyar ne a ofis ke buga wasan nan, har da maigidansa Imtiaz Saheb, wato Yallaɓai Imtiaz. Shi maigidan ne ya kawo shawarar su ɗauki hutu su bi garuruwan wasan ɗaya bayan ɗaya, su ci abincin kowane gari na gaske, su ɗauki hoto. Sun ci ƙaguwa a Kuakata, sun ci soyayyen kifi a Patenga, yanzu suna Cox's Bazar. Gari na ƙarshe a wasan namu ne, abincinsa kuma miyar kifin ilish ta tsohuwar bakin tasha. Sun tambayi mai otal, ya ce musu ai akwai tsohuwar da gaske, sunanta Gulbahar.

"To, madalla," na ce. "Sai mu share gida."

"Ba ki gane ba. A cikinmu akwai Nowshin, ƙanwar matar Imtiaz Saheb. Maganar aure ta yi nisa tsakaninmu. Awa ɗaya kawai, Apa. Ku yi kamar ba ku san ni ba."

"Kai, Tofa! Uwar da ta haife ka?"

"Daga baya zan gyara komai. Kuma ki ja mata kunne a kan kan kifi. Hannunta ya saba. In ta tsallake Imtiaz Saheb ta zuba mini, kowa zai tambayi dalili."

Na buɗe baki zan zazzage masa abin da ke cikina tun muna yara, sai na ji motsi a bayana. Ammajan ce tsaye da ludayi, ta ji komai. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ki ce masa na ji," ta ce, ta koma wurin tukunya.

Washegari da hantsi jirgi mai inji ya sauke su. Huluna masu faɗi, baƙin gilashi, kowa waya a hannu kamar masu neman ɓataccen abu. Ɗaya daga cikinsu tun ƙaguwar Kuakata cikinsa bai daidaita ba, yana tafiya yana tambayar makewayi. Da suka iso layin masu busasshen kifi duk suka toshe hanci, amma ba wanda ya kai ƙanena. Hankici ya ninka biyu, yana yamutsa fuska, shi da aka yanke wa cibiya taku ashirin daga wurin.

Suna ganin Ammajan suka sa ihu. "Ita ce! Wallahi ita ce, har mayafin!" Suka jera ta da wayar suna gwadawa. Ta tsaya suka ɗauki hoto. Tofazzal ya laɓe a baya, sai da maigidansa ya ce ya matso, sannan ya nuna tire da baki ya ce da muryar birni, "Khala, wane irin kifi ne wannan?"

Khala. Abin da kowane baƙo ke kiran kowace tsohuwa mai sayar da abinci. Wuƙa na hannuna, na ajiye ta don kada shaiɗan ya yi aikinsa.

"Ilish ne, Saheb," in ji Ammajan. "Na safiyar nan."

Na so in tsani Nowshin ɗin, ban samu dalili ba. Ita kaɗai ta cire gilashi ta gaishe mu, ta wanke hannu ta zauna a benci ba ta goge shi ba. Ta ɗanɗana dakakken busasshen kifi da barkono, hawaye na zuba, ta ce a ƙara. Ina kallonta ina cewa a raina, wannan da an gaya mata gaskiya ƙila ko a jikinta. Amma wawan bai taɓa gwadawa ba.

Na zuba shinkafa a faranti biyar. Ammajan ta ɗauko tukunya ta tsaya a kansu, ta tsoma ludayi ta fito da kai, ƙato, maiƙo yana naso a kansa. Imtiaz Saheb na can ƙarshen benci, Tofazzal na kusa da hannunta na dama, daidai inda yake zama tun yana yaro. Na ga gumi ya tsattsafo masa a goshi. Shekara talatin da wani abu ludayin nan hanya ɗaya ya sani.

Ko rage tafiya bai yi ba. Ya wuce ta saman farantinsa ya sauka a gaban Imtiaz Saheb. Ta ba Nowshin tsakiya mai ƙwai, ta ba sauran biyun nasu, sannan ta kwaso abin da ya rage.

"Ka yi haƙuri, Saheb, wutsiya ce ta rage."

Abin da ya roƙa ke nan, an kuma yi masa. Amma ya zauna yana kallon farantin kamar an mare shi. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, daɗi na ji har cikin ƙashina.

Wutsiyar ilish ba a cinta da gaggawa. Ƙayoyinta sirara ne kamar gashi, sai ka murza tsokar da yatsu ka tsince su ɗaya ɗaya. Ni da Morjina ido rufe muke yi. Shi wa ya koya masa? Loma ta uku ƙaya ta tsaya masa a maƙogwaro. Ya yi tari, ya yi kakari, idanunsa suka firfito. Ya miƙa hannu wajenta, muryar birnin nan ta gudu ta bar shi, ya kira da harshenmu, yadda yake kira yana ɗan shekara biyar:

"Ammajan!"

Nowshin ta dube shi, ta dubi tsohuwar. Na ce a raina shi ke nan, asiri ya tonu, kuma na rantse a fuskarsa na ga shi ma so yake ya tonu.

Ammajan ba ta matsa daga inda take ba.

"Rahela, dunƙula wa Saheb ɗin nan shinkafa gaya ya haɗiye," ta ce. Sannan ta juya ga sauran tana murmushin masu ciniki. "Kullum haka muke gani a nan. Ƙato da gemunsa, ƙaya na kama shi sai ya tuna da uwarsa. Tana wane gari, Saheb?"

Suka fashe da dariya, Imtiaz Saheb har da buga benci. Ni na dunƙula shinkafar na tura masa. Ya haɗiye, ƙayar ta wuce, hawaye na bin kumatunsa, kowa ya ɗauka na tari ne. Suka sake ɗaukar hoto, suka sayi ganyen pan, wanda ake taunawa, na tsaraba, jirgi ya kwashe su. Ammajan ta wanke faranti biyar ɗin da kanta.

Maganar aurensa ban san inda ta kwana ba, bai faɗa ba, ba mu bincika ba. Da ƙaramar Salla ta zagayo sai ga shi ba sanarwa, da sabon mayafi a leda da murya irin tamu. Har tulu ya ɗauka ya nufi rijiya, yana zubar da rabin ruwan a hanya. Ammajan ta karɓi mayafin ta sa albarka, ta kira shi da sunansa, ta tambayi aiki. Ta dafa ilish.

Muka zauna a tabarma, shi a hannun damanta. Ta tsoma ludayi ta ɗauko kai, ta ajiye a kwanona ba tare da ta dube ni ba. Shekarata arba'in da ɗaya, ranar na fara sanin ɗanɗanonsa, kuma gaskiya yana da daɗi. Tofazzal ya ɗaga kai zai yi magana, ta zuba masa nasa.

"Ka ci a hankali, Tofa," ta ce. "Wutsiya ƙaya gare ta."